Shin masu yi wa malaman coci zambo maƙiya addini ne?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko marubutan Turai na ƙarni na 16 da suka riƙa yi wa malaman coci zambo maƙiya addini ne, tunda ka ji ana cewa su suka buɗe wa Turawa ƙofar barin ibada. Ni ma da wannan zaton na shiga jami'a, kuma ban rabu da shi ba sai da na zauna na karanta babbansu, Erasmus mutumin Rotterdam. Yau shekaru da dama ke nan ina koyar da tarihi, kuma duk shekara sai wani ɗalibi ya yi min irin tambayarka.

Abu na farko da ya kamata ka sani, Erasmus ɗan gida ne. A gidan zuhudu ya yi ƙuruciyarsa, aka naɗa shi firist, wato limamin coci, a 1492. Da idonsa ya ga Fafaroma Julius na Biyu ya shiga birnin Bolonya a 1506 da rundunar yaƙi kamar sarkin da ya ci gari, abin kuwa ya tsaya masa a rai. Bayan ya baro Italiya a 1509 ya sauka gidan amininsa Thomas More a Landan, a can ya rubuta littafin da za mu kira Yabon Wauta, aka buga shi a Faris a 1511. A ciki ya mai da wauta mace, ta hau mumbari tana yi wa kanta kirari, tana lissafa bayinta. Ta ambaci masu sayen takardar gafara suna ƙidaya shekaru da kwanakin azabar da aka rage musu a lahira kamar masu lissafin bashi. Ta ambaci 'yan zuhudun da suka damu da launin ɗamara da yawan ƙullin takalmi, suna ƙyamar taɓa kuɗi da hannu amma ba sa ƙyamar giya. Ba ta bar masu raba wa waliyyai aiki ba, wannan na ciwon haƙori, wancan na naƙuda, wani na kayan da aka sace.

Amma abin da ya sauya min tunani wani gajeren labari ne da ya fitar a 1523, na jirgin ruwa da guguwa ta kama. Kowa ya ruɗe yana wa waliyyai alwashi. Wani ya ɗaga murya ya ce in ya tsira zai kai wa waliyyi Kiristofa kyandir na kakin zuma mai girman mutum-mutuminsa da ke babban cocin Faris. Na kusa da shi ya zungure shi ya ce ko ka sayar da duk abin da ka mallaka ba za ka iya biya ba. Sai ya yi ƙasa da murya don kada waliyyin ya ji, ya ce in dai ƙafarsa ta taɓa tudu ko kyandir na kitse ba zai bayar ba. Duk ajin da na karanta wa wannan sai sun kwashe da dariya. Wata shekara wata ɗaliba ba ta yi dariyar ba, ta ce, Malam, matar nan mai goyo fa? Gaskiyarta. A cikin jirgin akwai wata uwa rungume da jaririnta, ba ta yi ihu ba, ba ta yi wa kowa alwashi ba, tana ta addu'a a zuci, kuma ita ta fara isa gaɓa a kan wani katako. Mai ƙin addini ba zai sa wannan matar a tsakiyar labarinsa ba. Ita ce mizanin da yake auna sauran da shi, kuma tun ranar ban ƙara karanta labarin na tsaya a kan kyandir ba.

Haka yake a labarin ziyara na 1526, wanda ya gina kan zuwansa Walsingham da Kantabari a Ingila. An nuna wa masu ziyara wani farin abu aka ce nonon Nana Maryamu ne, da baƙon ya nemi hujja sai mai gadin ya kalle shi kamar ya yi saɓo. A kabarin waliyyi Thomas Becket da ke Kantabari kuwa, mai cike da zinariya da duwatsu masu daraja, abokin tafiyar baƙon ya tambaya: tunda waliyyin nan mai tausayin talaka ne a rayuwarsa, zai ji haushi in an ɗebi kaɗan aka ba mabuƙata? Wannan tambaya har yau tana taɓa ni, don daga bakin mai kishin addinin ta fito.

Zan yarda da kai a wuri ɗaya, zambo ba ya tsayawa inda mai shi ya so. Injin buga littattafai ya watsa rubutun nan ko'ina, kuma da Martin Luther, malamin coci ɗan Jamus, ya tashi yana ƙalubalantar cocin Katolika a 1517 ya tarar da mutane sun riga sun saba yi wa masu sayar da gafara dariya. Har aka riƙa cewa Erasmus ya saka ƙwai, Luther ya ƙyanƙyashe. A Jamus ma wasu irin su Ulrich von Hutten sun fi shi kaushin harshe nesa ba kusa ba. Erasmus dai ya ƙi barin Katolika, a 1524 ya rubuta raddi ga Luther kan ko ɗan Adam yana da zaɓi a aikinsa, sai ya zama kowane ɓangare na ganinsa da laifi. Mutumin da ya ɓata shekaru yana gyara Sabon Alkawari da harshen Girka har ya fitar da shi a 1516, ya rasu a Basel a 1536, sannan a 1559 Fafaroma Paul na Huɗu ya sa dukan littattafansa cikin jerin haramtattu.

In za ka karanta, kar ka fara da Yabon Wauta, habaicinsa yana da wuyar kamawa ga wanda bai san muhawarar malaman zamanin ba. Fara da labarin jirgin, shafuka kaɗan ne kuma akwai fassararsa ta Turanci kyauta a intanet. In ka gama ka dawo ka gaya min yadda ka ga matar nan mai goyo.