Ina so in mayar da akwatin kifina kan matacin soso mai aiki da iska, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Birnin Kebbi, kuma ina da akwatin gilashi na kifin ado a falo, tsawonsa santimita 60, faɗi 30, tsayi 30. Akwai gupi 8 da moli 2 a ciki. Matacin da nake amfani da shi irin mai mota ne da ake nutsawa a ruwa. Da an ɗauke wuta sai kifin su taso sama suna haki, ga shi kuma yana zuƙe mini 'ya'yan kifi. An ba ni shawara in koma matacin soso mai aiki da iska. Me zan saya, yaya ake haɗa shi, kuma zan iya cire tsohon a ranar da na sa sabon?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarar da aka ba ka tana kan hanya, amma bari mu fara da ƙarshen tambayarka, don a nan ake yin asara. Kada ka cire tsohon matacin a ranar da sabon ya shiga.

Babban aikin mataci ba tare dattin da ido ke gani ba ne. Kifi na fitar da amoniya ta gaɓoɓinsu na numfashi da kashinsu, ragowar abinci ma idan ya ruɓe amoniya yake bayarwa, kuma guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke juya ta zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su juya shi zuwa naitiret, mai sauƙin illa, wanda canjin ruwa ke fitarwa. Waɗannan ƙwayoyi a jikin soso da tsakuwa suke manne, ba yawo suke a ruwa ba. Sabon soso daga leda babu ko ɗaya a jikinsa, kuma idan daga babu aka fara, sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin su wadata. Ka cire tsohon yau, ka bar kifi 10 cikin fitsarinsu ke nan. Ga shi amoniya ta fi dafi idan ruwa ya yi ɗumi, wato yanayinmu na nan.

Akwatinka lita 54 ne (60 sau 30 sau 30, a raba da 1000), ruwan da ke ciki kuma ba zai wuce lita 45 zuwa 48 ba idan aka cire tsakuwa da ratar sama. Soso ɗaya wanda aka rubuta masa lita 60 zuwa 80 ya isa. Nemi mai manyan ƙofofi, wanda ake rubuta wa ppi (yawan ƙofofi a kowane inci) 20 zuwa 30, domin mai ƙananan ƙofofi saurin toshewa yake. Sai injin iska na wat 2 zuwa 3 mai ba da kimanin lita 2 na iska a minti, da siririn tiyo mai ramin milimita 4 kamar mita 2, da bawul mai hana ruwa komawa baya, da ɗan bawul na rage iska. Soson wanke-wanke na kicin da guntun katifa ba su shigo lissafi ba. Wasu an sa musu sinadarai, wasu kuma ƙofofinsu a rufe suke, ruwa ba ya ratsa su.

Yadda yake aiki ba wani asiri ba ne. Iska na fita a gindin bututun da ke tsakiyar soson, tana tashi sama tana jan ruwa, ruwan akwati kuma dole ya ratsa soson ya maye gurbin wanda ya tafi. Babu farfela, shi ya sa 'ya'yan gupi za su tsira, har ma ka gan su suna tsintar abinci a jikinsa.

Wajen haɗawa, ɗauraye soson da ruwa zalla, ban da sabulu. Nutsa shi a akwati ka matse sau 4 ko 5 har iskar cikinsa ta fita, in ba haka ba zai yi ta tasowa. Ajiye shi a kusurwar baya. Bakin bututun ya kasance ƙarƙashin ruwa da santimita 2 zuwa 5. Idan ya yi tsawo, yanke shi. Yanka tiyon a wajen akwati ka sa bawul ɗin hana komawa, kibiyarsa na kallon akwatin. Idan babu kibiya, hura da baki: ɓangaren da iska ke fita shi zai kalli akwatin. Wannan ɗan bawul ya fi ƙarfin a raina shi a garin da ake yawan ɗauke wuta. Da inji ya tsaya, ruwa na iya biyo tiyo kamar yadda ake zuƙo fetur daga tanki, ya shiga injin, ya malale har wajen soket. In da hali, ɗora injin a kan kanta sama da tsayin ruwan, ka kuma bar bawul ɗin a wurinsa.

Daga nan sai ka kunna matatan biyu tare. Ciro soson tsohon matacin ka matse shi a kan sabon, a cikin akwatin, sannan ka mayar da shi cikin matacinsa. Ruwan zai yi duhu na 'yan awoyi, kada ka damu, irin da kake shukawa ke nan. Bar su su yi aiki tare mako 4. A tsawon lokacin kada ka ƙara kifi, kada ka wanke tsakuwa da ƙarfi, abinci kuma sau ɗaya a rana gwargwadon abin da za su cinye a minti 2. Ranar da ka kashe mai motar, ciro sosonsa ka jingina shi da sabon na ƙarin mako guda, sannan ka fitar. Idan kana da kayan gwajin ruwa, amoniya da naitirait su nuna sifili, naitiret kuma ƙasa da miligiram 40 a lita. Idan babu, kifin za su gaya maka: ruwa ya yi fari kamar an ɗiga nono, kifi sun naɗe fuka-fukansu, suna haki alhali inji na aiki. Ka ga haka, canja kashi 40 cikin 100 na ruwan, ka hana su abinci kwana 2, ka sake kunna tsohon matacin.

Batun haki da ka ambata yana da tushe a zafi. Ruwa mai digiri 25 yana riƙe oksijin kimanin miligiram 8.3 a lita, a digiri 30 ya sauka zuwa 7.6, a 35 kuma wajen 7, alhali a zafin ne jikin kifi da na bakteriya suka fi buƙatarsa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40 da rana, ruwan falo na iya wuce 30, gupi kuwa tsakanin 22 da 28 ya fi jin daɗi. Mutanenmu da suka saba ganin tarwaɗa ta kwana a baho ba ta mutu ba sukan ɗauka kowane kifi haka yake. Tarwaɗa tana da wata gaɓa ta shaƙar iska kai tsaye, gupi ba shi da ita. Yawancin oksijin ma ba daga ƙwayoyin iskar da kake gani suna tashi yake shiga ba, daga motsin saman ruwa ne idan sun fashe. Saboda haka kada ka toshe akwatin ruf da murfi.

Shi ma injin iska da wuta yake aiki, amma cinsa kaɗan ne, kuma a nan ribarka take. Akwai ƙananan injina na USB masu cin wat 1 ko kusa da haka, waɗanda pawa banki mai 10,000mAh zai riƙe kimanin awa 24. Gwada tun kafin ranar buƙata, domin wasu pawa bankin suna kashe kansu idan abin da aka jona ba ya jan wuta sosai. Akwai kuma masu batir a ciki da ke ci gaba da kansu da an ɗauke wuta, kuma in aljihu zai ɗauka, su muka fi so. Idan komai ya ƙare, ɗebi ruwan akwatin da kofi ka kwararo shi daga sama sau da yawa duk rabin awa, kuma kada ka ba su abinci.

Akwai haɗarin da ba a cika faɗa ba. Duk abin da ke iskar ɗakinka, injin zai tura shi cikin ruwa. Maganin sauro na feshi, da na kunnawa, da fiya-fiya, ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifi. Kafin a yi feshi, kashe injin, ka lulluɓe akwatin da zane, kada ka kunna sai ɗakin ya sha iska ƙamshin ya tafi. Hayaƙin turaren wuta ma a nesanta shi da injin. Da hunturu kuma ƙura na toshe ɗan audugan da ke ƙasan injin inda yake shan iska. Idan ka ga iska ta ragu, nan za ka fara dubawa, sai bawul, sai robar cikin injin da ke tsagewa idan ta tsufa. Idan gurnani ya dame ka, ɗora shi a kan tawul da aka ninka, kada ya taɓa bango ko gilashi.

Wanke soso duk mako 3 ko 4. Ɗebi ruwan akwatin a bokitin da bai taɓa ganin omo ba, ka matse soson a ciki har ruwan ya yi baƙi, ka mayar nan take. Ba sai ya dawo kamar sabo ba. Ruwan famfo mai kulorin yana kashe bakteriyar, shanya soso a rana ma haka.

Abin da soso ba zai yi maka ba shi ne kwashe kashin da ya kwanta a tsakuwa, don jansa bai kai na mai mota ba. Duk mako zuƙe lita 10 zuwa 12 da tiyo daga ƙasa, ka cike da sabo. Na famfo a sa masa maganin cire kulorin, ko ya kwana a buɗaɗɗen bokiti awa 24. Na bohol yakan fito da ƙarancin oksijin, shi ma ya kwana, a kuma ajiye shi a ɗakin da akwatin yake, kada a zuba wa kifi ruwan da ya wuni a tankin kan rufi.