Hukuncin Zuwa Alƙahira Hutu Da Ziyartar Kufan Fir'aunoni

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, na samu ɗan hutu a wurin aiki, ina son in kai iyalina Alƙahira mu ga masallatanta na tarihi da dalar Giza da gidan tarihin da aka ajiye gawarwakin Fir'aunoni. Za mu sauka ranar Alhamis da yamma, mu taso ranar Litinin da safe. Shin wannan tafiya ta halatta, kuma za mu yi ƙasaru?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, asalin tafiya a bayan ƙasa halal ne, hukuncinta kuma yana bin niyyar mai ita da abin da zai aikata a can. Idan guzurinka na halal ne, ba ka tauye haƙƙin wanda ke binka bashi ko wanda ciyarwarsa ke wuyanka ba, babu laifi ka kai iyalinka su huta. Allah Maɗaukakin Sarki ya yi umarni a Suratur Rum, aya ta 42, da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, kuma Masar tana cikin ƙasashen da wannan dubawar ta fi sauƙi.

Masallatan kuwa abin a gani ne. Amru bn Asi ya gina nasa a Fusɗaɗ, tsohon garin da yanzu yake cikin Alƙahira, a shekara ta 21 bayan Hijira, shi ne na farko a Masar, Faɗimiyyawa kuma suka kafa Alƙahira a 969 Miladiyya, suka fara ginin masallacin Azhar a 970. Ka yi salla a cikinsu, amma kada ka ƙudurta cewa sallar tana da wata falala ta musamman, domin hadisin Bukhari da Muslim ya keɓe ɗaura sirdi don neman falalar wuri ga masallatai uku: na Makka da na Madina da na Ƙudus. Idan ka je maƙabartar Ƙarafa, inda Imamu Shafi'i da Ibnul Ƙasim almajirin Imamu Malik suke kwance, ka yi musu sallama da addu'a, roƙon biyan buƙata kuwa ga Allah kaɗai ake yin sa.

Inda malamai suka saɓa shi ne kufan Fir'aunoni. Waɗanda suka hana sun kafa hujja da hadisin Ibn Umar cewa lokacin da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya bi ta Hijir, garin Samudawa, a hanyar Tabuka, ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai dai suna kuka, shi kansa ya lulluɓe kansa ya gaggauta tafiya. Waɗanda suka halatta suka ce dalar Giza kaburburan sarakuna ne, ba wurin da azaba ta sauka ba ne, domin Fir'aunan Annabi Musa a teku aka halaka shi, kuma nassi bai ambaci sunansa ba balle a ce wance gawa ce tasa. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne halasci, da sharaɗin shiga don ɗaukar izina, domin ko a Hijir ɗin an yi togaciya ga mai shiga da tsoron Allah. Haka hukuncin yake ga gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 da aka mayar gidan tarihi na Fusɗaɗ a 2021. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke tsayawa gaban gumakan waɗanda suka yi shirka suna raha da ɗaukar hoto cikin jinjinawa; ka nisantar da iyalinka daga wannan, ka karanta wa yaranka aya ta 92 a Suratu Yunus, wadda ta ambaci fitar da gawar Fir'auna don ya zama izina ga na baya, su san abin da suke kallo.

Game da ƙasaru, a mazhabar Malikiyya sunna ce mai ƙarfi ga wanda zai yi tafiyar mil 48, wato kimanin kilomita 80, matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba. Ba a ƙirga ranar da aka shiga gari bayan alfijir, ba a kuma ƙirga ranar fita, saboda haka ku Juma'a da Asabar da Lahadi kawai kuke da su, hukuncin matafiya yana kanku. Sai dai Shehu Halil a Mukhtasar ɗinsa ya fitar da mai tafiyar saɓo da mai tafiyar wargi daga wannan sunna, masu sharhi kuma suka ce ƙasaru makaruhi ne ga na biyun. Wanda ya fita don hutar da iyalinsa da ganin ayoyin Allah ba ya cikin masu wargi, don haka ku sallaci Azahar da La'asar da Isha'i raka'a bibbiyu, amma idan kun bi limami mazaunin gari sai ku cika huɗu tare da shi. Juma'a ba ta wajaba a kanka ba, amma idan ka halarce ta a Azhar ta isar maka daga Azahar.

Wallahu a'alam.