Alkyabbar amarya: tamu ce ko ta mutanen ƙetaren Sahara?

Amaryata, saƙonki ya iso. Ashe dai kin ƙudura sai kin bar tsohon mijinki kin bi yaro? To na haƙura, Allah ya sanya alheri. Kin ce ƙawarki da ta yi karatu a Maroko ta ce kada ki sa alkyabba ranar buɗar kai, wai tufar Larabawan Arewacin Afirka ce, mu kuwa mutanen kudu da Sahara ne, al'adarmu daban tasu daban. Kina so ki ji ta bakina.

Iyaka kam akwai ta, amma ruwan sama ne ya shata ta. Idan kika tashi daga Kano kika yi arewa, kika wuce Damagaram kika shiga Damargu, za ki ga gero yana ta ƙanƙancewa har ya ƙare. Gwamnatin Nijar ma ta yi doka a 1961, ta ja layin da noma ba zai haura ba, abin da ke sama na makiyaya ne. Daga nan sai Agadas da duwatsun Azbin, sai rairayi. Can bakin tekun Bahar Rum kuwa lokacin sanyi ruwansu ke sauka, sa'ad da mu muke fama da hunturu da ƙura. Shi ya sa cimarsu alkama da sha'ir da zaitun, tamu gero da dawa. Wannan bambanci ba mai musun sa.

Inda ƙawarki ta yi kure shi ne ta ɗauka hamada katanga ce. Kakanninmu hanya suka ɗauke ta. Ayari kan taso daga Tarabulus ya bi ta Gadamus da Gat, ya yada zango a Agadas, ya sauke kaya a Kasuwar Kurmi. Fataken Larabawa sun zauna a unguwannin Dandali da Alfindiki a Kano, sun yi aure sun hayayyafa, jikokinsu yau Kanawa ne. Ta hamadar nan wani matafiyi Baturen Jamus mai suna Barth ya iso Kano a 1851. Sai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 fatauci ya juya fuska zuwa Ikko, daga nan ne fa muka fara ganin arewa kamar wata duniya ce mai nisa.

Ki tuna allon da kika yi karatu da shi. Ƙira'ar Warshu ce, irin ta Maroko da Aljeriya, ba Hafsin da ake karantawa a Makka da Masar ba, rubutun ma ɗan'uwan nasu ne. Malikiyyar da muke bi ita suke bi. Risala da kakarki take bita da asuba, malamin Ƙairawan ta ƙasar Tunusiya ne ya wallafa ta. Shehu Magili mutumin Tilimsan ne, ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Idan duk abin da ya ƙetaro hamada ba namu ba ne, to sai mu tattara waɗannan ma mu mayar. Har dubulan ɗin da za a jera miki a gara, ana soya irinsa a Tunis da Tarabulus.

Kuma ba karɓa kawai muka yi ba. Turkuɗin da Buzu yake naɗawa har ya rufe baki, marinan Kura ne suka rina shi, mabuga suka buge shi ya yi sheƙi. Fatar jar akuyar Sakkwato an kai ta har Turai, ana sayar da ita da sunan fatar Maroko. Akwai kuma abin da ba shi da daɗin faɗa, amma ke ba yarinya ba ce yanzu: mutane ma an kora ta wannan hanya an sayar. Zuriyarsu na nan a Tunusiya, suna wani kiɗa da ake kira Sitambali, ɗan'uwan borinmu, da kalmomin Hausa da na Barebari a cikin waƙoƙinsa. Raini saboda launin fata da wasu 'yan can ke yi, wanda ina jin ƙawarki ta ɗanɗana shi ya sa take zafi haka, tushensa ke nan. Ban ga laifinta ba a kan zafin. Amma ba a fushi da kaza a huce a kan dami.

Ita alkyabbar, asalinta can ne, haka ne. Sai dai a can ta ulu ce, makiyayi a kan duwatsun Aljeriya yakan yafa ta don sanyi. Da ta zo hannunmu sai ta zama tufar sarauta. Aka yi ta da karan-miski, aka yi mata aikin zare, sarki ya riƙa yafa wa hakimi ranar naɗi, limami ya hau mumbari da ita ranar Idi. Wannan matsayi mu muka ba ta.

Don haka abin da ya kamata ki tambaya shi ne ko gidan da za ki shiga suna yi. A da 'ya'yan sarauta da na manyan malamai aka fi yafa wa, yanzu kuwa duk mai kuɗin haya sawa yake yi, har a wurin fati ana rawa da ita, abin da ni ba na so. Ki sa gwaggonki ta tuntuɓi dangin angon. In sun ce suna yi, akwai farar nan ta mahaifina a cikin adaka, sai a fito da ita tun yanzu a shanya, a yi mata turare, don ta daɗe a ninke. Ki gaida mahaifiyarki, ki ce ina jiran nawa alkakin.