Me ya sa likita yake shigar da komai na Baba a kwamfuta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Babanmu ya haura shekara 80, ciwon zuciya da na ƙoda sun sa shi gaba, yau muna gida gobe muna asibiti. Satin da ya wuce likita ya zaunar da mu yana tambaya yana shigarwa a kwamfuta, har da wai in jikin ya rikice Baba yana so a sa masa injin numfashi ko a bar shi a gida. Wallahi raina ya ɓaci, kamar sun fid da rai da shi. Meye amfanin wannan? Daga wata 'yar'uwa, Agege.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne. Ni dai a ganina likitan nan ya kyauta muku. Rai na Allah ne, amma in fayil ya nuna kwanciya na yawaita, ƙoda na ja baya, jiki na ramewa, to likita zai iya faɗa muku da wuri ku shirya, ya kuma mai da hankali kan rage masa raɗaɗi da haki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 56.8 ke buƙatar irin wannan kulawar duk shekara, kashi 14 cikin 100 kawai ke samu.

Tambayar da ta ɓata miki rai kuwa ita ce mafi muhimmanci, don dattawanmu da yawa a Legas burinsu a mai da su gida Arewa tun suna iya zaman mota, kuma in ba a rubuta abin da Baba ya faɗa da bakinsa ba, ranar da ya kasa magana sai ki ga yaya na cewa a yi wankin ƙoda ƙani na cewa a'a, ga likitan dare bai san shi ba.

Matsalar ita ce kwamfutar asibiti ɗaya yawanci ba ta haɗe da ta wani, kun sha gosulo kun isa sabon wuri sai a buɗe sabon kati a sake ɗibar jinin tsoho. Don haka ku nemi takardar sallama mai bayani, ku ɗau hoton duk sakamakon gwaji a waya, ku sayi littafi kuna rubuta magani da lokacin sha, da ƙarfin ciwo daga 0 zuwa 10. Mutum ɗaya ya riƙe, kar a watsa a gurup ɗin dangi, sirrin Baba ne, su ma asibitin dokar kare bayanai ta 2023 ta hana su bayarwa barkatai.