Sirdin keke mai ɗaga baki da ciwon gwiwa

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka sauya sirdi, da ka faɗa rami sai bakinsa ya ɗaga sama, ga kuma gaban gwiwarka yana ciwo in tafiya ta yi nisa. Matsala biyu ce, kowacce da tushenta. Na daɗe ina kwance sirdi ina ɗaurawa, ga abin da na gani.

Ɗaga bakin daga maɗaurin da ke saman sandar sirdi yake. Kar ka tsaya ƙara matse noti, kwance shi gaba ɗaya ka duba. Idan mai noti ɗaya ne, za ka ga ƙananan haƙora a jikin ƙarafan da ke cizon juna. Shafa su da farce. Sau da yawa ƙasa ce da tsohon giris suka cike tsakaninsu har suka daina kamawa; tsohon buroshin haƙori da tsumma sun isa. Amma in ka ga sun cinye, wurin ya yi sumul yana ƙyalli, to magana ta ƙare, ko ka matse har notin ya tsinke ba zai riƙe ba. Wajen mayarwa, ɗan giris a zaren notin kawai, haƙoran a bar su a bushe. Ka tabbata ƙarafa biyun da ke ƙarƙashin sirdin sun zauna daram cikin kwarinsu, kuma a miƙaƙƙen wurin aka kama su, ba inda suka fara lanƙwasa ba.

In sabuwar sanda za ka saya, ni dai mai noti biyu nake so, ɗaya gaba ɗaya baya. Ka sassauta wannan ka matse wancan, bakin ya motsa daidai yadda kake so, kuma ba ta cika zamewa ba. Duba kaurin da aka rubuta a jikin tsohuwar tukuna: 27.2 ne, 30.9 ko 31.6, a tsofaffin kekuna har 25.4 na milimita. Kusa da daidai ba ya aiki a nan.

Sirdin ya kwanta a miƙe. Ɗora katako a kansa ka duba daga gefe. Mutane kan sunkuyar da baki don gudun matsi, sai su riƙa zamewa gaba, nauyi ya koma kan hannu, yatsu su yi sanyi.

Gwiwar kuwa, ciwon gaba yawanci alamar sirdi ya yi ƙasa ne. Jingina da bango, ka hau, ka sa diddige a kan feda tana can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ka karkata ƙugu ba. Idan ka dawo da tudun tafin ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa, nan ake so. Masu son lissafi sukan auna daga matsematsi zuwa ƙasa su ninka da 0.883, su auna hakan daga tsakiyar ƙarfen da ya ratsa firam ya haɗa hannuwan feda biyu zuwa saman sirdi. In ƙugu yana rangaji ko bayan gwiwa ya fara ja, ka wuce wuri, sauko.

Ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, kamar milimita 5, ka yi kwana biyu kana hawa kafin ka sake taɓawa. Naɗa salatif a jikin sandar don ka san inda ka tsaya.

Abin da nake roƙonka, akwai layi a ƙasan sandar da ke nuna iyakar fitarwa. Kada ya leƙo waje, don firam na iya tsagewa a wurin kana kan gudu. In sai ka wuce layin tsayin zai yi maka, nemi sanda mai tsawo. Ta ƙarfe ko alminiyam a shafa mata giris kafin a zura, kar tsatsa ta kama ta. Ta kabon, wato wani abu marar nauyi da ba ƙarfe ba, tana da nata man daban.