Zan Gina Masaukin Baƙi Na Ƙasa A Gonata: In Shafe Shi Da Siminti?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da gonar mangwaro a bayan garin Argungu, ina so in gina ɗakuna shida na saukar baƙi, masu zuwa bikin kamun kifi da masu neman hutun ƙauye. Ɗana ya nuna mini hotunan masaukan da ke gonakin inabi a Afirka ta Kudu, bango mai kauri, rufin ciyawa, sai na ce ai mu ma muna da ƙasa. Amma tun ambaliyar 2020 gabana ke faɗuwa. Magini ya ce in aka shafe ginin da siminti ciki da waje, ba abin da zai same shi. Tsorona kada ɗaki ya rufta wa baƙo a hannuna.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Tsoronka yana kan hanya, don ran baƙo amana ne. Ka yi ginin ƙasarka, amma kada ka bari maginin nan ya kusanci bangon da simintinsa.

Maganar wuri gajera ce. In gonar ta gangara fadama, ka nemi tudunta, ka tambayi dattawan wurin inda ruwa ya tsaya a 2020, ka yi sama da nan sosai. Babu dabarar da ke hana ginin ƙasa narkewa in ya kwana cikin ruwa.

To, ga abin da ya ishe ni. Kusan duk wanda ya zo mini da zancen ginin ƙasa, da wannan magana yake zuwa: a shafe da siminti ya yi ƙarfi. Wallahi wannan fahimta ta rushe gidaje da yawa. Bangon ƙasa yana shan danshi da damina, ya fitar da shi idan rana ta fito. Siminti kuwa yana toshe masa hanyar fitarwa. Ga shi ba sa tafiya tare: ƙasa tana kumbura tana motsewa, shi yana nan a sandare. Damina ɗaya ko biyu sai ya yi tsaga siririya kamar gashi, ruwa ya bi ta nan ya shiga, ya rasa mafita. Danshin da ke tasowa daga tushe shi ma ya taru a ciki. Daga waje bango sumul, har da fenti, ciki kuwa ya zama kunu, gara ta samu gida ba mai ganinta.

Na taɓa zuwa duba wani gida a wani ƙauye kusa da Birnin Kebbi. Maigidan yana ta yabon shafen da aka yi masa. Na ƙwanƙwasa bangon da maƙullin mota, ya amsa kamar ganga. Da muka ɓamɓare tafin hannu ɗaya, jiƙaƙƙiyar ƙasa ta zubo mini a takalmi, a ɗakin da yara huɗu ke kwana. Bangon da ba a rufe ba, in ya fara zaizayewa kowa yana gani, a yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka. Wanda aka rufe ba ya gargaɗi, cikin dare yake zubewa. Shi kuwa mai shafen ya karɓi kuɗinsa tun bara, in ka neme shi ya ce maka ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma ganganci ma da sunansa.

Wani zai ce ai ana zuba siminti a bulon jar ƙasa. Wannan daban ne. Kaɗan ake gaurayawa cikin ƙasar kanta, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a matse da inji, sai bulon ya zama abu guda. Irinsa Francis Kéré, wani mai zanen gine-gine, ya yi makarantar ƙauyen Gando a Burkina Faso da shi a 2001, ya ɗaga kwano sama da silin don iska ta ratsa, kuma a 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine. Su ma tsofaffin gidajen gonakin inabin da ɗanka ya nuna maka, farar ƙasa ce a jikinsu, wadda ke barin danshi ya fita.

Siminti yana da wurinsa a aikinka: tushe da banɗaki. A ɗaga tushe da dutse ya kai kamar santimita 50 a kan ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a ɗora tubali. Banɗaki da wurin alwala a yi su da bulon siminti, bututu kada ya bi ta cikin bangon ƙasa ko kusa. Rufi ya zarce bango da kusan mita guda, musamman ta gabas inda hadari ke bugowa. In soro kake so, azarar giginya da dogon indararo. Shafe kuma a nemo tsohon magini da ya san makuba ta ɓawon ɗorawa, ko laso, wato haɗin katsi na marina da gashin jima da dafara, a riƙa sabuntawa. Bango ya kai kaurin santimita 40, za ka ga amfaninsa a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Kuma Alhaji, baƙon da ya taso daga Abuja ko Turai don ya ga kamun kifi na Matan Fada, bikin da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, ɗakin tayil ya baro a gida. Gidan tarihi na Kanta da ke garinku tun 1831 yake tsaye, sarakuna sun zauna cikinsa har 1942. Ka ɗauki magininka ku je ya shafa kaurin bangon da hannunsa. In kun dawo ya sake kawo maka zancen shafen siminti, ka biya shi kuɗin yininsa ka nemi wani.