Amsa ga mai tambaya kan ko tallafin abinci na kashe zuciyar manomi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko rabon abinci a lokacin bala'i ba ya sa mutane su saki fartanya su koma jiran buhu. Na fahimci damuwarka, amma ka dubi abin da ya faru a Nijar a 2005.

Daminar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa, fara kuma ta cinye gonaki. Hatsi bai ƙare a kasuwannin Maraɗi ba, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Da farko aka tsaya kan sayar da shi da rangwame, rabon kyauta bai kankama ba sai wajen watan Agusta. Kafin nan magidanta da yawa sun sayar da awakinsu, wasu har irin shuka sun cinye. To wanda ya cinye iri, me zai shuka? Jinkirin agajin ne ya raba shi da gona.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yara. Ana ɗaura wa yaro ma'auni a damtse, in ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani. Sai a ba uwa ƙunshin Plumpy'Nut, haɗin gyaɗa da madara da sukari da mai, ba sai an dafa ba, ta ciyar da shi a gida. A shekarar 2005 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun yi jinyar dubban yara da wannan haɗin.

Inda nake tare da kai: in akwai hatsi a kasuwa, gara a ba mutane kuɗi ko a sayi gero wurin manoman yankin, kada na waje ya karya musu farashi lokacin kaka. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, WFP, ma tana yin hakan a wurare da dama.